Kafin Ka Sayi Injin Tatsar Madara

Tun daga 2024 da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkar kiwo, maganar madarar gida ta sake tasowa da ƙarfinta a Najeriya. Dalilin a fili yake. Mafi yawan madarar da muke sha a shayi da yogot madarar gari ce da ake shigowa da ita daga waje, hukumomi kuma sun sha faɗin cewa tana lashe kusan dala biliyan ɗaya da rabi duk shekara. Da dala ta yi tsada, sai aka waiwayi saniya. Ma'aikacin da ya yi ritaya, da ɗan kasuwar da ya gaji da zaman kanti, da matashin da ya karanta aikin gona, kowa na neman fili a bayan gari ya ɗaure 'yan shanu. Abin da ke fara ɗaukar idon irin waɗannan sababbin shiga kuwa shi ne injin tatsa. Sun gan shi a waya, madara na gudu cikin tiyo babu hannun da ya taɓa ta, sai tambayarsu ta zama ɗaya: wane iri ne ya fi kyau, kuma nawa ne kuɗinsa?

A ganina an yi gaggawar wannan tambaya. Injin tatsa ba ya ƙara wa saniya ko cokali ɗaya na madara. Abin da ke cikin hantsa ya dogara ne ga jinin saniyar, da abin da ta ci, da ruwan da ta sha, da lafiyarta. Aikin inji shi ne ya fitar da abin da ke nan cikin hanzari, ba tare da ya ji wa saniya ciwo ba, ya kai shi mazubi ƙazanta ba ta shiga ba. Don haka a garke ake fara zaɓen inji, kanti shi ne zangon ƙarshe.

Amma sai mutum ya san yadda abin yake aiki tukuna, domin wanda bai sani ba, duk abin da dillali ya faɗa masa shi zai ɗauka. Mutane da yawa suna zaton injin matsa nonon yake yi irin ta hannun mai tatsa. Zuƙa yake yi. Akwai famfo da ke janye iska daga cikin tiyo da bokiti, sai a sa wa kowanne daga nonuwa huɗun wani kofi na ƙarfe mai roba a ciki, zuƙar ta buɗe ƙofar kan nonon, madara ta zubo. Matsalar ita ce in aka ci gaba da zuƙa babu hutu, jini da ruwa na taruwa a kan nonon, ya kumbura ya yi ja, saniya ta fara harbi. A nan injinan farko-farko na ƙarni na 19 suka gaza. Wata Ba'amurkiya, Anna Baldwin, ta yi rajistar nata a 1879, mai zuƙa ba ƙaƙƙautawa, bai kuwa karɓu ba saboda azabar da yake ba shanu. A 1895 wani likita a birnin Gilasgo, Alexander Shiels, ya fito da injin da zuƙarsa ke hawa tana sauka, sannan a farkon ƙarni na 20 aka kammala dabarar da ake kanta har yau: roba a ciki, ƙarfe a waje, iska na shiga tsakaninsu tana fita. In iska ta shiga, robar ta matse kan nonon ta kora jinin sama. In ta fita, robar ta buɗe, madara ta sauko.

Na'urar da ke sarrafa wannan shiga da fitar iska ana ce mata falseta, ita ce kake jin tana bugawa taf-taf lokacin tatsa. Ga shanu tana bugawa kusan sau 60 a minti, kashi 60 na kowane bugu zuƙa ne, kashi 40 hutu. Ƙarfin zuƙar ma yana da iyaka: a injin bokiti yakan tsaya tsakanin kilofaskal 44 zuwa 50. In ya haura haka, kan nono ya tsattsage ya yi kanta, ƙwayoyin cuta su sami mafaka. In ya yi ƙasa, kofuna su riƙa zamewa suna faɗuwa. Shi ya sa dole inji ya kasance da abu biyu, geji mai nuna ƙarfin zuƙa, da madaidaici mai hana ta wuce ƙa'ida. Akwai ƙananan injina masu arha a kasuwa waɗanda ba su da falseta ta daban, fistin ne kawai ke ja yana saki, wasu ma ko geji babu. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya sa wa saniyar da ya saya da tsada irin wannan ba, domin ba shi da hanyar sanin abin da injin ke yi wa hantsarta sai bayan ɓarnar ta bayyana. Mai awaki ma ya kula: akuya nono biyu gare ta, bugun da take buƙata ya fi na saniya sauri, zuƙar kuma ta fi sauƙi, don haka kayanta daban ne.

To, mu dawo garke, inda hukuncin yake. Shanunmu na gida, Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Wadara, da Azawak ta Nijar, duk masu tozo ne, kuma saniya mai tozo tana da wata ɗabi'a da masu ƙera injin nan a Turai ba su yi lissafi da ita ba: galibi ba ta sakin madara sai ta ga maraƙinta, ta shinshine shi, ya ɗan tsotsa. Duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya ga yadda ake kwance maraƙi daga dangwali da asuba, a bar shi ya fara sha, sannan a janye shi a sa ƙwarya. Akwai hujjar ilimi a bayan wannan. Mafi yawan madarar tana can sama cikin ƙananan jakunkuna na hantsa, ba ta saukowa sai jikin saniyar ya saki wani sinadari mai suna oksitosin, wanda ke matse jakunkunan. Taɓa nono ne ke tayar da shi, yakan ɗauki minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya kama aiki, ƙarfinsa kuma 'yan mintuna ne, bai cika kai goma ba. Tsoro, ko duka, ko ƙarar da saniya ba ta saba da ita ba, suna hana shi aiki. Saniyar Turai irin su Holstein an shafe ɗaruruwan shekaru ana zaɓen waɗanda ke saki ba tare da maraƙi ba. Tamu ba a yi mata wannan ba. In ka manna wa Bunaji inji babu ɗanta a kusa, ga ƙarar janareta a kunnenta, injin zai yi ta zuƙar nonon da babu komai a ciki, kuma babu abin da ya fi wannan lalata kan nono.

Wannan ba ya nufin ba a tatsar saniyar gida da inji. Ana yi, amma sai an shirya wurin tatsar yadda maraƙi zai tsaya a gaban uwarsa, an yi turke mai ƙarfi da ya dace da mai dogon ƙaho, an kuma yi haƙurin sabar da ita. Karsana mai haihuwar fari ta fi tsohuwar saniya saurin sabawa. Sai kuma girman nonon kansa. Robar da ke zuwa da yawancin injina an auna ta ne da nonon shanun Turai, shanunmu kuwa nonuwansu sun bambanta ƙwarai, har a hantsa ɗaya. Roba in ta yi wa nono yawa iska na kutsawa ta gefe, ka ji tana ƙara, kofin ya zame. Wannan kutsawar iska tana iya watsa ɗigon madara mai cuta daga wannan nono zuwa wancan. Mai sayarwa na kirki zai tambaye ka irin shanunka kafin ya ba ka roba, domin robar tana da lamba-lamba. In bai tambaya ba, ka san da wa kake ciniki.

Bayan ɗabi'a sai lissafi. Bunaji a kiwon gargajiya, bayan maraƙi ya sha rabonsa, abin da ake samu bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba. A ce kana da ashirin masu shayarwa: kusan lita talatin ke nan. Mutum biyu da suka iya hannu za su gama wannan da wuri, kuma lokacin da za a ɓata wajen haɗa inji da wanke shi ya kusa cinye ribar saurin da ya kawo, ban da kuɗin mai. Amma ɗauki shanu goma 'yan aure, irin haɗin Friesian da Bunaji da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana aiki a kansa, waɗanda in sun sami abinci da ruwa kowacce na iya ba da lita takwas zuwa goma ko fiye. Nan lita ɗari ake magana, safe da yamma, kullum. Hannu yana gajiya, mai tatsa ya fara sassautawa, oksitosin ya ƙare madara ba ta ƙare ba, abin da ya saura a hantsa kuma shi ke gaya wa jikin saniyar ta rage samarwa gobe. A irin wannan garke ne inji ke biyan kuɗinsa. Ma'aunin dai yawan madara ne, ba yawan ƙaho ba. Wanda shanunsa ba su kai nan ba, kuɗin injin ya fi amfani in ya zuba shi a dusa da harawa da gurya, da rijiya, da baye na kirki. A Nijar ma tashar Tukunus da ke yankin Filinge da inganta jinin Azawak ta yi suna, kuma wannan shi ne tsarin da ya dace, a gyara saniya kafin a nemo mata inji.

Nau'in injinan ba su da wuyar fahimta. Akwai na kura, wato famfo da bokiti ɗaya ko biyu a kan taya, ana tura shi daga saniya zuwa saniya. Mai bokiti ɗaya yana tatsar shanu takwas zuwa goma a awa, mai biyu ya kusa ninka haka, kuma shi ne ya dace da mafi yawan gonakinmu, daga shanu biyar zuwa kamar talatin. Sama da shi akwai na bututu, inda madara ke bin bututun ƙarfe kai tsaye zuwa tanki. Sai ɗakin tatsa mai rami a tsakiya, shanu na jere a karkace dama da hagu, dabarar da wani manomi a Niyu Zilan, Ron Sharp, ya fito da ita a 1952, da kuma mai juyawa da ya biyo baya a ƙasar a 1969 domin garke mai ɗaruruwa. Na ƙarshe shi ne mai sarrafa kansa, wanda kamfanin Lely na Holan ya fitar a 1992, saniya ta kai kanta a tatse ta, guda ɗaya na ɗaukar shanu kusan sittin. Waɗannan manyan na gonaki ne irin wadda kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta jihar Kaduna a 2023 da karsanai sama da 200 daga Denmak, inda akwai injiniya da wuta da kayan gyara a ajiye. Mai shanu ashirin ya je ya gani ya ƙaru, amma kada ya auna kansa da su.

A cikin na kuran ma akwai zaɓi. Famfo mai amfani da mai ya fi juriya da daɗewa, sai dai yana son a riƙa duba man. Busasshen famfo ba ya son mai, amma faifan da ke cikinsa suna cinyewa, sai an canza. Ko wanne ka ɗauka, ya zama yana da rarar ƙarfi, yadda in kofi ɗaya ya faɗi zuƙar sauran ba za ta mutu ba. Bokiti kuwa na ƙarfe marar tsatsa ya fi. Na alminiyom ya fi arha da sauƙin ɗauka, amma sabulun wankin inji mai kaifi yana cin sa, ya yi ƙananan ramuka da datti ke maƙalewa.

Wuta ita ce inda gonaki da yawa ke tuntuɓe. Saniya mai madara ba ta san Sallah ba, ba ta san an ɗauke wuta ba. Sau biyu a rana, a kan lokaci, har ta ƙafe. In aka tsallake tatsa hantsa ta cika ta yi tauri, madara ta ragu, ƙofar ciwo ta buɗe. Injin lantarkin da ke juya famfon na kura ƙarami ne, galibi bai kai kilowat ɗaya ba, amma lokacin tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita, don haka ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba, wuta mai rauni kuma tana ƙona shi. Akwai masu zuwa da injin fetur nasu, suna da amfani a ƙauyen da babu layi. Mai son sola ya tuna cewa tatsar safe kafin rana ta yi ƙarfi ake yin ta, ke nan nauyin yana kan batir da inbata. Kuma ko me aka tanada, kada a bar gona babu wanda ya iya tatsa da hannu.

Ruwa ya fi wuta muhimmanci, kuma shi ne ba a cika tambaya ba. Ƙwarya in an wanke an kife a rana, an gama. Inji kuwa tiyo ne da roba da lungu-lungu da hannu ba ya kaiwa, duk madarar da ta kwana a ciki gidan ƙwayoyin cuta ce. Bayan kowace tatsa, nan take kafin ta bushe, sai an ɗauraye da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, domin zafi yana dafa madarar ta manne. Sannan a zagaya ruwan zafi sosai, kamar digiri 70 zuwa 80, da sabulun inji mai narkar da maiƙo. Lokaci-lokaci kuma a bi da mai tsami, wanda ke cire farin dutsen da ke taruwa a bango, musamman inda ruwan burtsatse ke da gishiri-gishiri. Omo da sabulun wanki na gida ba sa wannan aiki, kumfa suke yi su bar ƙamshi a madara. Gonar da ba ta da tsabtataccen ruwa wadatacce da hanyar tafasa shi sau biyu a rana, madarar da za ta fitar da inji za ta fi ta ƙwarya saurin lalacewa. Na fi jin takaicin wannan fiye da komai a harkar, domin mutum ya kashe kuɗinsa ne neman tsafta.

Haka batun ciwon hantsa. Roba ɗaya ce ke bin shanu goma a jere, in ta farko tana da cuta an raba wa sauran. Maganin tsari ne, kuma kowane inji ka saya sai ka bi shi: a goge nono a busar, a tatso ɗigon farko da hannu a duba ko akwai gudaji ko jini, a fara da masu lafiya a ƙare da marasa lafiya, a kashe zuƙa kafin a cire kofuna maimakon a fizge, kada a bar inji a nono bayan madara ta yanke. In an gama a tsoma kan nono a ruwan aidin, a zuba wa shanun abinci su tsaya a tsaye, domin ƙofar nonon takan kai rabin awa ba ta rufe ba, in saniya ta kwanta cikin kashi cuta ta shige. Madarar wadda ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta a ware ta har wa'adin maganin ya cika, in ba haka ba ko kindirmo aka kafa da ita ba zai kama ba. Inji kuma ba ya kashe bakkale ko tarin fuka. Madarar da ba a dafa ba tana nan da haɗarinta ko da wace na'ura aka tatse ta.

Yanzu sai tambayar suna, wadda ita mutane ke farawa da ita. DeLaval na Suwidin da GEA na Jamus manyan kamfanoni ne masu dogon tarihi. Turkiyya tana ƙera na kura da yawa, irin su Melasty da Tulsan, Indiya da Sin ma suna yi. Amma sunan da ke jikin inji ba ya tatsa ranar da roba ta tsage. Robar kan nono baƙa ana canza ta bayan tatsa kamar 2,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Yi lissafi: shanu ashirin sau biyu a rana da inji mai bokiti biyu, kowane saiti yana tatsa ashirin a yini, kwana 125 ya cika adadinsa, wata huɗu ke nan. Zafin ƙasarmu da hasken rana suna ƙara tsofar da roba, ta yi tsaga-tsaga da ido ba ya gani amma cuta na gani. Ta silikon ta fi daɗewa, ta kuma fi tsada. Ga ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar falseta da ta madaidaici, bugu ya rikice ba wanda ya lura. Saboda haka tambayoyin da suka fi suna nauyi su ne: ina zan sami roba da tiyo da kayan falseta a Kano ko Kaduna ko Jos cikin kwana biyu? Wa zai zo ya gyara in ya tsaya? Shin robar wani kamfani tana shiga kofinsa? Inji matsakaici mai kayan gyara a kusa ya fi mai babban suna da sai an yi odar robarsa daga ƙetare. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma nagari a nan shi ne wanda za a iya riƙe shi yana aiki. Wanda ya sami na hannu mai sauƙin kuɗi, ya sa a lissafinsa cewa duk wata roba da tiyo da ke jikinsa sai an zubar an sa sababbi.

Akwai abin da ke gaba da inji a jerin sayayya, wato sanyi. Madara tana fitowa daga jiki da ɗumin kusan digiri 37, kuma ana son a saukar da ita zuwa digiri 4 cikin awa biyu zuwa uku. A zafin bazara lita ɗari da babu inda za a sanyaya ta, babu kuma mai saye a kusa, asara ce da aka tara da sauri. Kamfanonin da ke sayen madara, irin su L&Z a Kano, da cibiyoyin tattarawa irin na Hamdallaye da Kollo da ke kai wa Yamai, suna gwada ta kafin su karɓa, wadda ta fara juyawa ko aka sa wa ruwa a mayar da ita. Ga ƙungiyoyin makiyaya da ke tunanin haɗa kuɗi, tankin sanyi na tarayya ya fi injin tatsa na tarayya amfani nesa ba kusa ba, domin inji mai yawo daga garke zuwa garke yana yawo da cuta.

Wani abu kuma da masu tsara ayyukan tallafi ke yawan tsallakewa: a ruga madara hakkin mata ce. Da kuɗin nono da man shanu suke cefane, su yi wa 'ya'ya sutura, su tara kayan ɗaki. In inji ya shigo, kamfani ya fara biya ta asusun banki, sau da yawa kuɗin hannun maigida yake komawa. Duk mai kai inji cikin irin wannan gida, gwamnati ce ko ƙungiya, ya kamata ya zauna da matan tun farko, a koya musu sarrafa shi, a kuma san da sunan wa za a riƙa biya.

Hukuncina a taƙaice: mai shanun gida da ke samun lita ashirin ko talatin a rana ya dakata, ya gyara abinci da jini da tsaftar hannu. Mai 'yan aure goma zuwa talatin, da ke da ruwa da wuta ta biyu da inda zai kai madara, ya nemi na kura mai bokiti biyu marar tsatsa, mai falseta da geji da madaidaici, ya sayi saitin roba na ajiya a rana ɗaya. Kuma ɗan'uwa, kada ka cika kuɗin a kanti. Ka sa mai sayarwa ya zo gonarka ya haɗa injin, ya tatsi saniyarka a gabanka da gaban yaranka, ku duba geji tare, ku duba kan nonon bayan an cire kofi. In ya fito da laushi yadda yake, ka biya. In ya fito ja ko a kumbure, a gyara saitin ko a mayar da injin.